Tuwo Kaɗai Ba Ya Riƙe Tsoho

Ka tambayi duk magidancin da ke aiki a Abuja ko Legas yadda mahaifiyarsa take a gida, amsar ba ta wuce ɗaya: "Alhamdu lillahi, ba ta rasa komai ba." In ka matsa masa zai jero maka su: buhun shinkafa duk wata, kuɗin cefane ta waya, atamfar Sallah, ga kujerar Makka tun tuni an biya mata. Duk gaskiya ne, Allah ya saka da alheri. Sai dai ni a unguwar da 'ya'yan suka bar iyayen nake zaune, don haka ina ganin abin da waya ba ta nunawa. Hajiyar nan da ba ta rasa komai ba, tun daga hantsi har la'asar tana kan tabarma, ba mai ce mata ci kanki sai rediyo. An ƙosar da cikinta, amma ba mai neman shawararta, ba aikin da ke jiran hannunta, kuma shekara nawa ke nan ba wanda ya duba mata ido ko jini.

Masana lafiya idan suna auna jin daɗin rayuwar tsoho, ba a kwano suke tsayawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke jagorantar shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na tsufa cikin ƙoshin lafiya daga 2021 zuwa 2030, tambayar da take yi ita ce: me mutumin yake iya yi? Yana iya tashi ya zaga da kansa? Yana ji, yana gani? Yana da mutanen da yake hulɗa da su? Yana yanke shawara a kan abin da ya shafe shi? Akwai abin da yake tsinana wa wasu? Tsoho mai ciwon suga da hawan jini wanda ke shan maganinsa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana sasanta rigimar 'yan unguwa, ya fi wanda likita bai sami komai a jikinsa ba amma an ajiye shi a ɗaki ana jiran ranarsa.

Kakanninmu ba su karanta wannan a takarda ba, amma tsarin gidansu ya tanadi kusan duka. A gandu, uba shi ke riƙe da gona da rumbu, 'ya'yansa maza har da masu aure suna noma a ƙarƙashinsa, shi kuma yana ciyar da su, yana biya musu haraji, yana yi musu aure. Ƙarfinsa na raguwa, ikonsa na nan. Tsohuwa kuwa ita ce ungozoma, ita ke tsaye a kan wankan jego, ita ke karɓar yaye, ita ke kaɗi da daddawa, ita ke da tatsuniyar dare. Ga wasan jika da kaka, wanda ya ba ta miji ƙarami da kishiya ƙarama a kowane ɗaki. Ko wadda Allah bai ba haihuwa ba, riƙo ya rufa mata asiri. Baba ta Karo, wadda Baturiyar nan Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta tsufa cikin 'ya'yan riƙo, ana jin maganarta a cikin dangi.

Ba na cikin masu cewa da can komai zuma ne. Tsoho matalauci ya sha wuya a da, yana sha yanzu. Abin da ya sauya shi ne ginshiƙan da ke riƙe da matsakaicin tsoho sun zube ɗaya bayan ɗaya. An raba gona har ta zama ba ta ciyar da gida. Samari sun tafi cin rani sun zarce. Haihuwa ta fara komawa asibiti, wanda alheri ne, amma tana tafiya da aikin ungozoma. Tatsuniya ta bar wa wayar hannu fili. Ma'aikaci ya kama hayar ɗaki biyu da falo, inda ba zaure balle ɗakin kaka. A sassan Barno da Zamfara da Katsina kuma, inda tashin hankali ya tashi garuruwa, tsofaffi ne ake bari a baya don ba sa iya gudu, waɗanda suka tsira kuma suka ƙare a sansani ko a rakuɓe gidan wani, mutumin da jiya yake da rumbu uku.

Kuma tsofaffinmu ba 'yan kaɗan ba ne. Mutane kan ji an ce matsakaicin tsawon rai a Najeriya shekara hamsin da 'yan kai ne, sai su ɗauka ba mu da tsofaffi. Mutuwar ƙananan yara ce ke jan wannan lissafi ƙasa. Wanda ya kai sittin, bisa ƙiyasi yana da sauran shekara goma sha wani abu a gaba in Allah ya so. Masu shekara 60 zuwa sama wajen kashi 5 cikin 100 ne na jama'ar ƙasar, wato kimanin mutum miliyan 10. A duniya baki ɗaya sun kai biliyan 1 a 2020, ana sa ran za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu za su kasance, ba a Turai ba.

Bari in fara da jiki, don nan ne muka fi yin sakaci, kuma nan ne gyara ya fi araha. Duk abin da ya sami tsoho, mukan ce "tsufa ne", mu rufe magana. Gwaggona, yayar mahaifina, a hankali ta daina zuwa biki da suna. Ta daina tsince shinkafa, ta daina zura zare a allura, daga baya ko ƙofar gida ba ta kaiwa sai an riƙe mata hannu. Kowa ya ce tsufa ne, ita ma ta ce haka. Wata jikarta da ke karatun jinya ce ta kafe sai an kai ta asibitin ido. Yanar ido ce ta rufe mata gani. Aikin bai kai awa guda ba. Washegari da aka cire mata bandeji aka dawo da ita gida, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa ɗakinta kallo, ta ce, "Ashe haka kuka bar mini ɗaki da ƙura? Ke, miƙo mini tsintsiya." Jikar ta ce, "Hajiya, likita ya ce kar ki sunkuya." Ta ce, "To ke sunkuya." Tun daga ranar gidan ya san ta dawo.

Irinta suna da yawa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, wajen 4 cikin 100 makafi ne, abin ya fi tsanani a Arewa maso Gabas, kuma yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makantar. Fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar nan ana iya hana ta ko a warkar da ita. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, ga ayyukan ido kyauta da ƙungiyoyi kan shirya lokaci zuwa lokaci. Duk da haka har yau akwai masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke, aikin da sau da yawa yake ƙarasa kashe idon. Akwai kuma hawan jinin ido, wanda shi ba ya ciwo, ba a ganin fari a ƙwayar, yana cin gani daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Awo ne kaɗai ke kama shi da wuri.

Haka hawan jini yake, ba ya sallama. Tsoho zai ce lafiyarsa lau, ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi a bayan gida. Awon bai fi minti biyu ba, kuma na'urar ba ta kai kuɗin shadda ɗinki ɗaya ba. Matsalar da na fi gani ita ce a fara magani, jini ya sauka, a ce an warke a ajiye. Maganin hawan jini ba na zazzaɓi ba ne. Ana shansa ne kullum. Gishiri ma, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a rana bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen da muke jefawa uku huɗu a miyar kuka yana cikin lissafin. Sannan ga ciwon gwiwa, wanda ke tura yaro kemis kullum a haɗo wa Baba ƙwayoyi a ƙullin leda. Irin su diclofenac da ibuprofen in aka daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna ƙara hawan jinin da ake fama da shi.

Wani abu da ba a so a faɗa a zaure shi ne masai. Mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, a ce ya tsuguna ya tashi a kan sumunti mai santsi, cikin duhu, da buta a hannu. A nan ake faɗuwa, ƙashin ƙugu ya karye, a kira mai ɗori, tsoho ya kwanta kwanciyar da sau da yawa ba ya tashi. Karayar ƙugu ta asibitin ƙashi ce irin na Dala, ba ta kara da tsumma ba. Rigakafinta kuwa aikin kafinta da mai walda ne na rana ɗaya: kujera mai rami, ƙarfen dafawa a jikin bango, fitila mai caji a hanya, a rage tudun dokin ƙofa. Tsoron wannan tafiya ta dare ne ke sa tsofaffi da yawa ƙin shan ruwa, ga shi dama tsufa na rage jin ƙishirwa, ga zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. In azumi ya zo kuma, wasu sukan kafe sai sun yi ko da suna jiri, alhali shari'a ta sauƙaƙa wa tsohon da ba zai iya ba ya ciyar. Wannan maganar daga bakin limami ta fi shiga kunnensu fiye da daga bakin ɗa.

Shi kansa tuwon da muke taƙama da shi, a duba abin da ke shiga cikin. Haƙora sun zube, nama ya gagara, sai a koma koko da safe, kunu da rana, tuwo da dare. 'Yar tsokar da aka sa mata, tsohuwa za ta naɗe ta ajiye wa jika. Jikin tsoho na zubar da tsoka in bai sami abinci mai gina jiki ba, kuma ƙafar da ba tsoka ita ke faɗuwa. Ƙwai, alale, faten wake, awara, nono, kifi, dakakken nama, zogale: babu wanda sai an je kantin Turawa.

Ɓangaren da ya fi ɗaga mini hankali shi ne na ƙwaƙwalwa. Tsohuwa ta fara manta sunan 'ya'yanta, tana kiran mijinta da ya rasu shekara ashirin, tana fita tsakar dare ta ce za ta gidansu, tana cewa an sace mata kuɗin da ita ta ɓoye. Mu mukan ce gigin tsufa. Likitoci sun ce cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa, wadda ta fi yawa a cikin nau'o'inta ita ce Alzaima, kuma fiye da mutum miliyan 55 ke fama da irin wannan a duniya. Ba kowane tsoho ke yin ta ba. In mai 'ya'ya da hali ce, a ce Hajiya ta rikice, a lallaɓa ta. In kuwa matalauciya ce, ba ɗa ba jika, aka tsince ta a ƙofar gidan wani da asuba tana sambatu, ko yaron maƙwabta ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta, sai ka ji an ce mayya. A arewacin Ghana har sansanoni ake da su, irin na Gambaga, inda matan da aka yi wa wannan ƙazafi ke fakewa. Mu ba mu da sansani, amma muna da jifa da tsallaka mara lafiya da kunyatarwa a bainar jama'a. Ban taɓa jin an kira uwar mai kuɗi mayya ba. A kuma lura: ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ba gigin tsufa ba ne. Ciwon mafitsara, saukar suga ko ƙarancin ruwa a jiki na kawo ta, kuma magani na kore ta in an hanzarta.

Akwai kuma cutarwar da so ke jawowa. Wani dattijo maƙwabcina tela ne tun yana saurayi. Da 'ya'yansa suka yi arziki suka ce, "Baba, ka huta haka nan, abin kunya ne a gan ka a kan keke." Suka rufe shagon, suka sa masa talabijin da fanka mai aiki da hasken rana. Abin da ba su lissafa ba, shagon nan shi ne majalisarsa. Nan abokansa ke taruwa bayan azahar, nan yake jin wa ya rasu, wa ya aurar, nan yake samun 'yan canjin da zai ba jika ba tare da ya roƙi kowa ba. Kafin shekara ta zagayo ya zama wani mutum daban, ba ya magana sai an tambaye shi. Haka ake yi wa uwa: a sayar da awakinta, a hana ta ƙuli-ƙuli, a ɗauke ta zuwa gidan bene a Abuja mai maigadi da dogon bango, inda jikoki ke gaishe ta da Turanci su wuce. Bayan wata guda ta fara, "Ku mai da ni ɗakina." Ba butulci ba ne. A can tana da Islamiyyar matan unguwa, da adashi, da maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Kaɗaici ya kai matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa masa kwamiti na musamman a 2023, saboda an ga alaƙarsa da ciwon zuciya, shanyewar jiki da ciwon damuwa. Ra'ayina, a rage wa tsoho nauyin aiki, amma kada a raba shi da aikin. Kunne ma a duba shi, wanda ba ya ji sosai yakan janye daga hira don gudun "me ka ce?", wani lokaci kuma dattin kunne ne kawai ya toshe.

In tsoho ya kwanta, wa ke jinya? Ba mai aiko kuɗi ba. Matar ɗa ce, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko wata jika da aka cire daga makaranta. Ita ke wanki, ita ke juya shi duk bayan awa biyu don kada baya ya yi gyambo, ita ke kwana ido biyu, kuma ita ake zagi in 'yan dubiya sun ji wari. Namijin da ke wa'azin biyayyar iyaye ya sani cewa a kansa umarnin yake, ba a kan matarsa ba. In ita ta yi, kyautatawa ce. A gode mata, a karɓe ta wani lokaci, a sa mata wani abu a hannu.

Sai maganar kuɗi da hukuma. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ma'aikaci ya riƙa ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Zuwa 2024, waɗanda suka yi rajista a tsarin ba su fi miliyan 10 da 'yan kai ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Manomi, mai tireda, ɗan dako, mai ƙosai, ba su ciki. An buɗe musu ƙaramin tsarin fansho a 2019, amma a unguwarmu ban ga mai ajiya a ciki ba. Su ma masu fanshon, na raka wani tsohon malamina wajen tantancewa, na ga dattawan da suka koyar da rabin garin suna zaune a ƙasa cikin rana da fayil a hannu, wani an kawo shi a bayan mota don a tabbatar yana da rai. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin magani ya ninka, fanshon da yawansu kuwa yana inda yake. Na san waɗanda ke raba ƙwayar hawan jini biyu don ta kai ƙarshen wata.

A takarda ba mu rasa komai ba, mu ma. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni, da tsofaffi a ciki. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a 2012, ta farko a ƙasar. Ko ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba, ta faɗo daidai da ranar 'yancin kai, don haka faretin ke cinye ta. Abin da babu shi ne kuɗin da ke shiga hannun tsohuwar ƙauye duk wata. Jihar Ekiti ta gwada a 2011 da naira 5,000 ga masu shekara 65 zuwa sama marasa galihu. Lesotho, ƙasar da jama'arta ba su kai na birnin Kano ba, tun 2004 take biyan 'yan shekara 70 zuwa sama fansho ko ba su taɓa aikin gwamnati ba. Zanzibar ta bi sahu a 2016. Ba su fi mu arziki ba.

Na san Bahaushe ba zai kai uwarsa gidan gajiyayyu ba, ni ma ba na kira a yi haka. Wanda ke Shahuci a Kano na waɗanda ba su da kowa ne, kuma irinsu suna nan, ƙaryar cewa "mu ba ma yar da tsofaffinmu" ba ta ciyar da su. Je ka ƙofar masallacin Juma'a ka ƙirga furfurar da ke miƙa hannu. Hukumomin zakka da waƙafi irin na Kano da Sakkwato, da kwamitocin masallatai, su ne suka fi kusa da waɗannan. Kowane mai unguwa ya san tsofaffin da ke kwana su kaɗai a unguwarsa. Rubuta sunayensu bai fi aikin yammaci ɗaya ba.

Kai kuma mai karatu da Allah ya bar maka uwa ko uba, ko gwaggo ko kawu, a zuwanka na gaba kada ka tsaya a gaisuwa da ajiye leda. Ka shiga bayan gidan da suke shiga ka gani da idonka. Ka karɓi ledar magungunan ka kai wa likita ya duba. Ka sa a auna jini da suga da ido. Ka kawo wata matsalarka ta gaske ka ce, "Baba, yaya kake gani?" ka kuma zauna har ya gama. Ranar da 'yan takara suka zo neman ƙuri'a kuwa, ka tambaye su nawa suka ware wa 'yan shekara saba'in.